Rubutun da Ba Shi da Takarda: Amanar Wa Ce?

'Yan uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani ɗan abu ne da ya same mu a zangon karatun da ya wuce, wanda da farko muka ɗauke shi ƙaramin abin takaici, amma da muka zauna muka yi ta juya shi a zuci sai muka ga ashe babbar magana ce. Muna shirya wa ɗalibanmu na ajin ƙarshe na sakandare darasi a kan waƙoƙin niƙa da na daɓe, sai muka tuna da wata maƙala da muka taɓa karantawa shekara shida ko bakwai da suka wuce a mujallar sashen harsuna na wata jami'a, mujallar da ba a buga ta a takarda, a intanet kaɗai take fitowa. Marubucin ya bi ƙauyuka ya zauna da tsofaffin mata, ya rubuto waƙoƙin daga bakinsu. Adireshin shafin yana nan a bayan littafinmu na shirya darasi, mun rubuta shi da jan biro. Muka buga shi a waya, aka ce babu wannan shafi. Muka nemi sunan mujallar, ko ɗuriyarta babu. Da muka yi tattaki zuwa sashen sai aka shaida mana cewa wanda yake kula da shafin ya bar aiki, kuɗin hayar wurin ya ƙare ba a sabunta ba, kwamfutar da kwafin yake ciki kuwa ta daɗe da lalacewa. Marubucin, Allah ya ji ƙansa, ya rasu. Tsofaffin da suka rera masa waƙoƙin kuwa ba sai an faɗa ba.

A wannan rana dai, a ɗakin karatu na jami'ar, muka ci karo da tsofaffin fitowar mujallar Harsunan Nijeriya na shekarun 1970. Takardarsu ta yi ja, gara ta ɗan taɓa gefen wasu, amma kowane harafi yana karantuwa. Ga abin da ya ba shekara arba'in baya yana nan daram, ga kuma ɗan shekara bakwai ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Tambayar da muka dawo gida da ita ita ce: idan rubutu ya salwanta ta irin wannan hanya, babu wanda ya ƙona shi, babu wanda ya sace shi, shin akwai wanda ya yi laifi? In akwai, wane ne shi, kuma wa ya zalunta?

Yadda rubutun na'ura yake mutuwa

Kafin mu shiga batun alhaki ya kamata mu fahimci yadda abin yake faruwa, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan har abada. Rubutun takarda abu guda yake bukata, wato a ajiye shi a busasshen wuri nesa da gara da ɓera da wuta. Rubutun na'ura kuwa sai abubuwa uku sun haɗu sa'an nan a iya karanta shi. Na farko shi ne jikin da aka zuba shi a ciki, faifai ne ko filashi ko cikin kwamfuta, kuma dukansu suna lalacewa, ga zafi da ƙura da ɗauke-ɗauken wutar lantarki suna gaggauta ajalinsu. Na biyu shi ne manhajar da ta san yadda za ta buɗe shi. Duk wanda ya buga Hausa a kwamfuta a shekarun 1990 ya san wannan ciwo, domin sai an ɗora wasu haruffa na musamman kafin a samu ƙ da ɗ da ɓ, in kuwa aka buɗe rubutun a wata na'urar da ba ta da su sai ka ga alamomin baka sun maye gurbin haruffa masu lanƙwasa. Na uku shi ne adireshi da wurin zama a intanet, waɗanda haya ake biya musu shekara-shekara. Ranar da aka daina biya, ranar ƙofa take rufewa.

Kada a ce wannan ciwon talakawan ƙasashe ne kaɗai. A shekarar 1086 Sarki William na Ingila ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa, aka rubuta a kan fata a wani kundi da ake kira Domesday, kuma har yau kundin yana taskar tarihin ƙasar ana karanta shi. A 1986, domin cikar kundin shekara 900, gidan rediyon BBC ya shirya sabon irinsa, inda kimanin mutum miliyan guda, akasarinsu yara 'yan makaranta, suka aiko da bayanai da hotunan garuruwansu, aka zuba a manyan faya-fayen zamanin. Kafin shekarar 2002 na'urorin da suke karanta faya-fayen sun kusa ƙarewa a duniya, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka sha wahala kafin su ceto abin da ke ciki. Fata ta yi shekara 900, faifai bai cika ashirin ba.

Alƙaluman baya-bayan nan ma haka suke nunawa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan intanet da suke nan a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Wani bincike da ya fito a 2020 ya lissafa mujallun ilmi sama da 170 da suka ɓace ɗungurungum daga intanet tsakanin 2000 da 2019, da yawansu na jami'o'i ne da ƙungiyoyin masana. A 2024 kuma Martin Eve ya duba maƙalun ilmi sama da miliyan 7, ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba su da kwafi a cikin manyan ma'ajiyoyin da aka tanada domin irin wannan rana. Ashe abin da ya same mu ruwan dare ne.

Ajiya da kiwo

A nan ne muke ganin an yi kuskuren fahimta. Mun saba da littafi a matsayin kayan ajiya, kamar tasa ko zanen gado, wanda ake sa wa a adaka a manta da shi, bayan shekara talatin a buɗe a same shi. Rubutun na'ura kuwa ya fi kama da dabbar kiwo. Kullum sai an ba shi wuta, sai an biya masa haya, sai an sauya masa turke in tsohon ya ruɓe, wato a kwashe shi daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, daga tsohuwar manhaja zuwa wadda ake yayi. Wanda ya ɗaure akuya ya yi tafiyar shekara bai bar mata mai ba ta ruwa ba, ba zai dawo ya ce ai shi bai yanka ta ba. Saboda haka a sha'anin rubutun na'ura, sakaci kaɗai ya isa ya yi aikin da a dā sai gobara take yi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurin magabatanmu, ko da yake ba su san kwamfuta ba. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da dama suka yi shahada, Sayyidina Umar ne ya ba Halifa Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu wannan nauyi. A zamanin Sayyidina Usman kuma aka kwafe shi aka aika manyan birane. Ba su tsaya ga cewa ai yana cikin ƙirazan mutane ba, kuma ba su tsaya ga kwafi guda ba. Haka nan littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, abin da ya kawo su zamaninmu shi ne hannun almajirai. Takardar da aka fara rubuta yawancinsu ta daɗe da narkewa, amma wani ya kwafa a Sakkwato, wani a Gwandu, wani a Zariya ko Kano, in na wannan gida ya ci wuta na wancan yana nan. Mai kwafi yakan ƙare da rubuta sunansa da neman addu'ar mai karatu, domin ya san aikin lada yake yi. Da irin waɗannan kwafe-kwafe ne Waziri Junaidu ya tara taskarsa, da su ne Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a 1997. Magabatanmu sun ɗauki ilmi abin kiwo ne, kowane zamani sai ya sake rubuta shi da hannunsa. Injin ɗab'i ne ya zo ya sangarta mu, har muka manta da wannan ɗabi'a, ga shi yanzu na'ura ta dawo da mu inda muka fito.

Masu bin jami'a bashi

To, wa aka zalunta? A ganinmu mutum uku ne suke bin jami'a bashin duk rubutun da ya fita da sunanta.

Na farko shi ne marubucin. Malami ko ɗalibin da ya miƙa wa jami'a kundin digirinsa ko maƙalarsa, ya miƙa ne bisa wani alkawari da ba a rubuta ba, wato cewa za a tsare masa ita bayan ransa. Malamai sun karantar da mu cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. In haka ne, wanda ya bari rubutun mamaci ya salwanta ya toshe masa wata ƙofar alheri a lokacin da ba shi da bakin da zai yi ƙorafi.

Na biyu su ne jama'ar da aka ɗebo ilmin daga wurinsu, da waɗanda aka yi aikin da kuɗinsu. Tsohuwar da ta bar niƙanta ta zauna tana maimaita wa baƙo waƙa har ya rubuta, da maƙerin da ya bayyana sirrin sana'arsa, da manomin da aka auna gonarsa, ba a biya su ba. Abin da aka ce musu shi ne za a rubuta domin na baya su sani. Ga kuma ɗan kasuwa da ma'aikacin da harajinsu ya gina ɗakin binciken ya biya albashin mai binciken. Idan sakamakon ya ɓace, an ci kuɗin mutane ba a ba su kaya ba.

Na uku su ne waɗanda ba a haifa ba tukuna. A nan wani zai ce, yaya za a yi wanda babu shi ya bi bashi? Hakki ai sai mai hakki, wanda ba a halitta ba kuwa ba shi da suna balle ya kai ƙara. Wannan hujja tana da kamar ƙarfi a baki, amma rayuwarmu ta yau da kullum ta ƙaryata ta. Dattijon da ya dasa dabino ya san ba shi zai ci ba. Wanda ya haƙa rijiya ya yi wakafinta bai san fuskokin masu sha ba. Mu kanmu, a lokacin da Abdullahi Smith da abokan aikinsa suke kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 suna tattara takardun tarihi, da yawanmu ba a haife mu ba, amma ga shi muna zuwa muna ɗiba. Wanda ya ci daga hannun na gaba, sa'an nan ya ce na baya ba su da hakki a kansa, ya zama kamar wanda ya haye gada ya karya ta.

Hujjar talauci

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Za a ce jami'ar da ɗakunan kwanan ɗalibanta ba ruwa, wadda kuɗin man janareta yake cinye kasonta, wadda malamanta suka yi wata takwas suna yajin aiki a 2022, ina ta ga sukunin damuwa da tsohuwar mujalla? Ai mai rai ya fi cancantar kulawa a kan takarda. Gaskiya ne, in har zaɓin tsakanin rai da rubutu ne, rai ne gaba, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar asibitin koyarwa cikin duhu domin a kunna wa na'urar ajiya wuta.

Sai dai mu tambayi kanmu, shin zaɓin ke nan? Kuɗin da aka kashe kafin a samar da kundin digiri na uku guda ɗaya, daga albashin masu dubawa zuwa shekarun da ɗalibin ya ɓatar, ya ninka kuɗin adana shi sau ba adadi. Manhajar DSpace da jami'o'i da dama suke gina ma'ajiyarsu da ita kyauta ce tun da aka fitar da ita a 2002. Jami'ar Jos ta buɗe irin wannan ma'ajiya tun 2009, ita ce ta farko a Nijeriya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da tata mai suna Kubanni, sunan kogin da ya ratsa harabarta. Waɗannan ba a wata ƙasa suke ba, kuma talaucin da ake kuka da shi bai tsallake su ba. Abin da ya kashe mujallar da muka nema bai kai kuɗin walimar bikin yaye ɗalibai guda ba. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da za a ce wannan aikinka ne, in ka tashi ga wanda zai gaje ka. An rataya amanar hukuma a wuyan mutum ɗaya, da ya tafi ya tafi da mabuɗin.

Akwai kuma wani abin da ya kamata a faɗa, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa daga mujallun nan an kafa su ne domin neman ƙarin girma a wurin aiki. Da zarar an ƙirga wa malami maƙalarsa ya samu muƙamin da yake nema, shi da mujallar sun gama da juna. Rubutun da aka yi domin a ƙirga shi, ba domin a karanta shi ba, babu mai yi masa kuka in ya ɓace. Matuƙar wannan niyya ba ta gyaru ba, ko an sayo na'urori na miliyoyin naira, ƙura za su sha.

Shin komai ne za a adana?

Ga wata tambaya mai sarƙaƙiya. Ba duk abin da jami'a ta fitar ne zinariya ba. Akwai kundin da aka rubuta a gaggauce, akwai wanda aka sato, akwai maƙalar da marubucinta da kansa yake jin kunyarta bayan ya girma. Shin adalci ne a tsare wa mutum kuskuren ƙuruciyarsa har abada, kowa a duniya yana iya gani? Ashe ba a umarce mu da suturta juna ba? Kuma in za a zaɓa, wa zai zaɓa?

Mu marubutan Hausa mun fi kowa sanin haɗarin mai zaɓe. Waɗanda suka shaida muhawarar da aka yi a jaridu a shekarun 1990 a kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano suna tuna yadda aka riƙa kallon littattafan soyayya a matsayin shara, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Da a lokacin aka ba wasu masana wuƙa da nama, da ko guda ba a ajiye ba. Amma Graham Furniss ya tattara ɗimbinsu ya kai makarantar SOAS da ke Landan, yau kuma ga shi ana rubuta kundayen digiri a kansu, domin a cikinsu ne ake ganin yadda matasa da matan wancan zamani suke kallon aure da kishi da auren dole. Abin da wannan zamani ya raina, na gaba yana iya nemansa ruwa a jallo. Ko kundin da ba shi da inganci shaida ne a kan yadda ake koyarwa a lokacinsa.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a rarrabe tsakanin adanawa da bajewa. A adana duka, amma ba dole ba ne a baje duka. Kundin da yake ɗauke da sirrin mutanen da aka yi hira da su, ko sunayen marasa lafiya, a kulle shi na wasu shekaru, ko a ɓoye sunayen. Maƙalar da aka gano kuskure ko sata a cikinta a bar ta, amma a liƙa mata bayani a goshi, domin goge ta ba zai goge kwafin da ya riga ya shiga hannun mutane ba, sai dai ya hana su sanin cewa tana da aibi. Suturta mutum daban, shafe tarihi daban.

Wasu kuma sukan ƙi sa kundaye a intanet wai don kada ɗalibai su sace. Mu da muke gyaran takardun yara mun san akasin haka ne. Yaro ya fi samun ƙarfin halin kwafe abin da ya tabbata malam bai taɓa gani ba. Kundin da yake kulle a ɗakin ajiya na wata jami'a mai nisa shi ne ake ɗauka a sauya masa bango a miƙa a wata, ba mai ganewa. Wanda yake a fili kuwa kowa yana iya kama ɓarawonsa. Balle ma ɓoye ilmi don tsoron ɓarawo hukunta masu gaskiya ne da laifin da ba su yi ba.

Gida ɗaya ba ya isa

Wani zai ce to ai sai mu miƙa wa Turawa su ajiye mana, tun da sun fi mu kayan aiki. Babu shakka akwai taimako daga waje da ya kamata a gode masa. Ma'ajiyar Internet Archive da aka kafa a 1996 ta ceto shafuka masu ɗimbin yawa, dandalin AJOL da aka fara a 1998 yana ɗauke da mujallun Afirka da dama, cikinsu har da na jami'o'inmu. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma babu gidan da ya fi ƙarfin ƙaddara. A watan Oktoba na 2023 masu kutse suka afka wa babban ɗakin karatu na Birtaniya suna neman kuɗin fansa, hidimarsa ta neman kundayen digiri na uku ta tsaya cik fiye da shekara guda. A Oktoban 2024 ita kanta Internet Archive an yi mata kutse ta rufe na kwanaki. Takarda ma ba ta tsira ba: a ranar 18 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, da tarin littattafai da finafinan nazarin Afirka. A Janairun 2013 an ƙona ko an kwashe kimanin rubuce-rubucen hannu 4,000 a cibiyar Ahmed Baba da ke Tumbuktu, abin da ya tsirar da dubun dubatar sauran shi ne Abdel Kader Haidara da mutanen gari sun riga sun rarraba su a gidaje sun sulale da su Bamako.

Darasin duk guda ne, kuma shi ne wanda Jami'ar Stanford ta gina shirinta na LOCKSS a kansa tun 1999, wato yawan kwafi a wurare dabam-dabam shi ke tsare abu. Almajiran Sakkwato sun riga su sani. Jami'ar Kano ta riƙe wa ta Maiduguri kwafi, ta Sakkwato ta riƙe wa ta Yamai, a kuma ajiye wani a waje, sa'an nan abin da ya fi muhimmanci a buga shi a takarda ko da kwafi kaɗan ne. Dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i a Nijeriya ya kai kwafi uku na duk littafin da ya buga, amma an tsara ta ne a zamanin da in an ce littafi takarda ake nufi. Birtaniya ta faɗaɗa irin wannan doka tata a 2013 ta haɗa da abin da aka wallafa a intanet. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Namu kason

Kada mu gama nuna jami'a da yatsa mu manta da sauran yatsun da suke kallonmu. Yau littattafan Hausa nawa ne ake rubuta su a waya, a sake su shafi-shafi a WhatsApp, ba su taɓa ganin injin ɗab'i ba? Zaurukan Yahoo da marubutanmu suka yi muhawarori a ciki a farkon shekarun 2000 an rufe su a Disambar 2020. Dandalin OkadaBooks da marubutan Nijeriya da dama suka zuba littattafansu a kai ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda ba shi da kwafi a hannu sai dai ya rungumi ƙaddara. Idan ɗan nazari ya tashi nan da shekara hamsin yana neman adabin zamaninmu, muna tsoron kada ya tarar Ruwan Bagaja na 1934 da fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 sun fi abin da aka rubuta a 2019 sauƙin samu.

Don haka muna kira ga 'yan uwa, musamman masu tasowa, duk wanda ya kammala rubutu ya sa masa sunansa da garinsa da shekara, ya ajiye shi a wuri uku da ba gobara ɗaya za ta haɗa su ba, ya buga ko da kwafi biyu ne a takarda, ya kai ɗaya ɗakin karatu mafi kusa da shi. Ya kuma sanar da wani amintacce a gidansa inda rubuce-rubucensa suke da yadda ake buɗe su, domin mutuwa ba ta sallama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ma ƙungiyarmu ya kamata ta naɗa ma'ajin rubutu kamar yadda take da ma'ajin kuɗi, a rubuta aikinsa a tsarin mulkinta, a riƙa tambayarsa bayani a taron shekara. Mu fara da wannan mujalla da ke hannunku: wa yake da cikakken jerin fitowarta tun daga ta farko?

Darasin waƙoƙin niƙa dai mun yi shi, amma da abin da ya saura a kanmu da ɗan abin da muka tsinta a wasu littattafai. A ƙarshensa muka ba kowane ɗalibi aikin gida, ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwarsu ya rubuto waƙa guda, da sunan garin da ranar da aka rera masa. An kawo mana goma sha tara. Mun sa an buga su, mun ajiye kwafi a ɗakin karatu na makaranta, ɗaya yana hannunmu, ɗaya kuma mun aika wa sakataren ƙungiya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rubuta suka bar mana, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da ta faɗo hannunmu, amin.